Aquaman bayan an sake lale: daga 'yan ubanci zuwa ciki ɗaya

Jama'a, ku ba ni aron hankalinku, maganar tana da ɗan tsawo. Kwana uku ke nan ina sake bin mujallun zane na Aquaman waɗanda kamfanin DC ya fara fitarwa a watan Satumba na 2011, tun daga lamba ta 1 har zuwa ta 25 inda marubuci Geoff Johns ya ajiye alƙalami. Abin da ya mayar da ni gare su musu ne da muka yi da ƙanena a daren Juma'a bayan isha'i. Shi a wurinsa, abin da ya ɗaga wannan zubi shi ne an nuna wa duniya cewa Aquaman namijin duniya ne: harsashi ba ya huda shi, yana kifar da mota da mashinsa, yana tsalle ya haye bene. Na ce masa: "Ƙanena, duk abin da ka lissafa shi ne mafi ƙanƙantar abin da labarin ya zo da shi." Bai yarda ba, kuma na san masoya da yawa suna bayansa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Ga wanda bai san tushen zancen ba, a 2011 DC ta kammala wani labari mai suna Flashpoint, sannan ta sake lale gaba ɗaya. Ta rufe tsofaffin mujallunta, ta buɗe sababbi guda 52, kowacce daga lamba ta 1, ta kira tsarin New 52. An mayar da jarumai matasa, an share wasu aurarraki, wasu mutanen ma an wayi gari babu su kamar ba a taɓa zana su ba. Aquaman ya faɗo hannun Johns, Ivan Reis yana zane, Joe Prado yana bi da tawada, Rod Reis yana sa launi.

Kafin nan kuwa mutumin ya daɗe yana shan ba'a. Mort Weisinger da Paul Norris ne suka ƙirƙire shi a 1941, a mujallar More Fun Comics lamba ta 73, wato shekara uku kacal Superman ya ba shi. Amma katun ɗin Super Friends da aka fara nunawa a talabijin a 1973 ya bar masa tabon da ya ƙi gogewa. Yaran Amurka na wancan zamani sun tashi da hoton wani mai riga ruwan lemo, yana kan wani kifi mai kan doki, yana kiran kifaye su taimake shi. Suka girma suka zama masu wasan barkwanci da marubutan talabijin, suka riƙa maimaita raha ɗaya: me mai magana da kifi zai tsinana idan faɗa ya tashi a tudu? A 1994 Peter David ya gwada maganin abin ta hanyar tsanantawa. Ya sa kifaye masu haƙora suka cinye masa hannun hagu, aka maye gurbinsa da ƙugiya, ya tara gemu da gashi, ya daina fara'a. Masu karatu na gaske sun ƙaunaci wannan zamani, amma mutanen waje ba su daina dariya ba.

Johns ya ɗauki wata hanya. Ya shigo da ba'ar cikin labarin kanta. A lamba ta 1, Arthur Curry, wato Aquaman, ya tare 'yan fashin da suka sace motar kuɗi a birnin Boston, harsashi ya ɗan ƙuje masa goshi kawai, amma da 'yan sanda suka iso sai ɗaya ya tambaye shi ko yana buƙatar ruwan sha. Ya shiga gidan abinci ya ce a kawo masa soyayyen kifi da dankali, kowa ya zaro ido, wai yaya zai ci abokan hirarsa. Sai ya yi musu bayani cewa shi ba hira yake da kifi ba, ƙwaƙwalwar kifi ba ta kai nan ba, tura su kawai yake da tunani su bi inda yake so. Wani mai rubutu a intanet ya zauna a gabansa ba gayyata, ya tambaye shi yadda yake ji da kasancewa jarumin da ba wanda ya zaɓa a matsayin gwaninsa. Arthur bai ba shi amsa ba. Ya tashi, ya bar wa matar da ke kawo abinci tsabar zinariya don ta biya wa 'ya'yanta makaranta, ya fita.

Wannan fitowa ta yi aiki, ba na musun haka. A watan Janairu na 2012, mujallun DC ne suka cike gurbi goma na farko a ciniki a shagunan Amurka, kuma Aquaman lamba ta 5 ya fi kowace mujallar Marvel sayuwa a wannan wata. Jarumin da ake yi wa dariya ya wuce Spider-Man da X-Men a kasuwa. Duk wanda ya daɗe yana kare shi yana da haƙƙin ya yi murna.

Amma ina tare da tsofaffin masoya a ƙorafi ɗaya: an ja maganar ba'ar ta wuce kima. Sau ɗaya ya isa, sau biyu a yi haƙuri. Sai ga shi fitowa bayan fitowa ana samun wani ɗan sanda ko soja ko ɗan jarida da zai yi masa izgili don labarin ya samu damar kunyata shi. Idan mutum ya cika rantsuwa cewa shi ba matsoraci ba ne, mai sauraro yakan fara tambayar wa ya ce masa matsoraci. Kuma akwai abin da bai zauna ba a cikin duniyar labarin: mutumin da ya tsaya tare da Superman da Wonder Woman suka kori Darkseid, mugun da ya kawo wa duniya hari, a idon jama'a, ta yaya ƙaramin ɗan sanda zai raina shi? Ba'ar ta duniyarmu ce, an ɗauko ta an dasa a inda ba ta da saiwa. Ga kuma saurin ƙarewa. Zanen Reis yana da kyau ƙwarai, musamman idan ya buɗe shafi biyu ya zuba teku a ciki, amma a farkon tafiyar kana iya karance fitowa guda kafin shayinka ya huce, alhali mai saye ya biya dala 2.99 kuma zai jira wata guda.

To in ba ƙarfin ba ne, mene ne? A wurina Orm ne, ƙanen Arthur.

Mu da muke jin Hausa muna da abin da mai karatu a Amurka ba shi da shi, domin harshenmu ya raba abin da Turanci ya haɗe a kalma guda. Mun san ɗan uba, mun san ɗan'uwa. Kalmar 'yan ubanci ita kanta tana nufin gaba da hassada da gasa, har ana faɗinta a kan mutanen da ba su haɗa jini ba. Wanda kuka fito ciki ɗaya, kuka sha nono ɗaya, maganarsa daban ce. Yanzu ku duba tarihin Orm, wanda ake kira Ocean Master. Da ya fara bayyana a 1966, ɗan Tom Curry ne da wata mata ta tudu, wato shi da Arthur uba ɗaya uwa daban, kuma hassada ce ke cinsa saboda wansa yana da baiwar da shi ba shi da ita. A zamanin Peter David an canja uban ya koma Atlan mai sihiri, amma dai uba ɗaya ne, hassadar ma tana nan. Shekara arba'in da biyar Orm yana ɗan uba, yana kuma yin halin ɗan uba.

Johns ya juya abin. A sabon zubi, sarauniya Atlanna ce ta haife su duka biyu. Arthur ta haifa wa Tom Curry, mai tsaron hasumiyar fitilar jiragen ruwa a Amnesty Bay, a jihar Maine. Orm kuma ta haifa bayan an mayar da ita Atlantis, masarautar ƙarƙashin teku, an ɗaura mata auren da ba ta so. Da wannan canji guda ɗaya, duk halin Orm ya sauya. Ba ya ƙin wansa. Tun yana yaro yake jin labarin yana da wa a can sama cikin mutanen tudu, yana jin tausayinsa, yana ɗaukarsa kamar wanda aka tsare a ƙasar azzalumai. Ban ce Johns ya san bambancin da Hausa ta yi ba. Na ce ni da na karanta, na gane abin da ya faru tun kafin labarin ya bayyana shi, saboda na taso a inda ake auna irin wannan zumunci da ma'auni biyu.

Labarin Throne of Atlantis, wanda ya gudana tsakanin mujallar Aquaman da ta Justice League, ƙungiyar jaruman DC, daga ƙarshen 2012 zuwa farkon 2013, a kan wannan ginshiƙi ya tsaya. An yi wa jirgin yaƙin Amurka zagon ƙasa a lokacin gwajin makamai, makaman suka sauka a Atlantis. Orm yana kan karaga, ya ɗauka hari ne, ya tura igiyar ruwa kan Boston da Metropolis da Gotham, mutane da yawa suka mutu. Babu mai wanke shi daga wannan jini. Amma sarki ne da aka kai wa jama'arsa hari, ya kuma bi tsarin yaƙin da aka tanada, kuma abin da ya fi ciwo shi ne wannan tsari shi da Arthur suka zauna suka rubuta tare lokacin da Arthur yake sarauta. Arthur ya tsinci kansa gaba kura baya sayaki: abokansa na tudu suna cewa a kama ƙanensa, jama'ar uwarsa suna jiran su ga ko jinin tudu zai rinjaye shi. Daga baya ta bayyana cewa Vulko, tsohon mashawarcin fada wanda ya fi kowa son Arthur, shi ya ƙulla makircin don ya tilasta masa komawa gadon sarauta. Duk wanda ya san labaran fada ya san irin wannan bafade, mai ƙona gari don yaron gidansa ya hau karaga. Da Arthur ya fito fili ya ce shi ne sarki, Orm ya sauka ya miƙa wuya, domin dama can yana ganin kansa mai riƙon ƙwarya ne. Sakamakon da ya samu shi ne Arthur ya miƙa shi ga hukumar tudu aka kulle shi a kurkukun Belle Reve.

Wannan hukunci har yau masoya suna musu a kansa, kuma ni ina ganin shi ne musun da ya cancanci a yi. Wasu sun ce adalci ne, an kashe bayin Allah a garuruwa uku, dole wani ya amsa. Wasu sun ce cin amana ne, sarkin wata ƙasa ne da aka yaudara ya shiga yaƙi, ba ɗan ta'adda ba. Ni na karkata ga cewa Arthur ya yi abin da ya wajaba, amma ya yi shi ta mummunar hanya, domin bai tsaya wa ƙanensa a shari'a ba, bai bi sawunsa ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuma abin da ya sa nake girmama labarin shi ne bai yi ƙoƙarin wanke Arthur ɗin ba.

Haka aka yi da Black Manta, babban abokin gabar Arthur, a labarin The Others, lamba ta 7 zuwa 13. Wani masani, Dakta Stephen Shin, ya ɗauki Manta haya ya samo masa jinin Arthur don ya tabbatar wa duniya cewa Atlantis gaskiya ce. A cikin rikicin zuciyar Tom Curry ta buga, ya rasu. Arthur ya bi dare neman fansa, ya hau jirgin Manta, ya kashe mutumin da ya tarar, ashe mahaifin Manta ne. Kowannensu maraya ne ta dalilin ɗayan. Wasu masoya sun ƙi wannan, sun ce an shafa wa jarumi jini a hannu. Ni ban ƙi ba. Gabar da ba ta da dalili ba ta daɗewa a zuciyar mai karatu, wannan kuwa tana da dalilin da kowa zai gane.

Ko dodannin ramin teku na fitowa huɗu na farko, waɗanda ƙanena yake so saboda haƙoransu, yunwa ce ta fito da su. 'Ya'yansu suna mutuwa a ƙasan teku, suka hau tudu neman abinci. Da Arthur ya ceto mutanen da suka kwasa ya rufe ramin a kansu, bai dawo gida yana murna ba. Can gaba kuma aka gano cewa su ma wani reshe ne na tsohuwar Atlantis. A labarin ƙarshe na Johns, wanda Paul Pelletier ya zana, an ƙara tona cewa kakan Arthur na can farko ƙwace sarautar ya yi daga hannun ɗan'uwansa Atlan, tsohon sarkin Atlantis a wannan zubi. Duk inda mutumin nan ya juya, dangi yake tararwa a bakin mashinsa. Bahaushe yana kiran wanda iyayensa suka fito daga jinsi biyu ruwa biyu, kuma ban san wani jarumin zane da sunan ya hau kamar wannan ba. A tudu ana ce masa kifi, a teku ana ce masa bare.

Yanzu ga inda nake jin ciwo, inda kuma nake ganin sababbin masoya ba su san abin da aka ɗauke musu ba. Mera ta fara fitowa a 1963, an ɗaura aurensu da Arthur a 1964, suka haifi ɗa. A 1977, a Adventure Comics lamba ta 452, Black Manta ya kama yaron ya sa shi cikin wani ƙoƙon gilashi da ke cika da iska, yaron da ruwa ne numfashinsa, ya tilasta wa Arthur ya yi faɗa da yaron gidansa Garth. Yaron bai rayu ba. A wancan zamani ba a saba kashe jariri a irin waɗannan mujallu ba, kuma ba a dawo da shi bayan wata shida kamar yadda ake yi wa manyan jarumai ba. Auren ya girgiza shekaru masu yawa. Iyaye biyu da suka binne ɗa, suka rabu, suka dawo, wannan shi ne nauyin da Aquaman yake ɗauke da shi wanda Superman da Flash ba su da irinsa. New 52 ta share shi. Babu yaron, babu kabarinsa. Garth ya ɓace tsawon lokaci, haka Jackson Hyde, sabon Aqualad (wato yaron gidan Aquaman) baƙar fata da aka gabatar a 2010, aka ajiye shi sai a 2016 ya dawo.

Auren ma bai tsira ba. Shekara biyu masu karatu suna ɗauka miji da mata suke gani a hasumiyar nan, suna zaune tare, har da karensu. Sai a Satumban 2013, a taron masoya na Baltimore, Dan DiDio, ɗaya daga cikin shugabannin DC a lokacin, ya bayyana ra'ayinsa cewa bai kamata jarumai su samu kwanciyar hankalin iyali ba, aka kuma tabbatar cewa Arthur da Mera ba su da aure a sabon zubi. Wannan magana ta ɓata mini rai, har yanzu kuma ba ta daina ba. Wane ne ya ce aure yana kashe labari? Wanda ya yi aure ya san a nan labari yake farawa. Abin takaicin shi ne Johns ya rubuta Mera da kyau fiye da kusan kowa. Ku duba lamba ta 6, inda ta shiga gari sayen abincin kare, mai shago ya kai mata hannu, ta karya masa shi, sannan ta tsaya tana mamakin dokar da ke kama wadda aka ci wa mutunci ta bar mai cin mutuncin. Mace ce da aka turo daga Xebel, wata masarautar teku, ta kashe sarkin Atlantis, ta zaɓi ta zauna da shi. Irin wannan mace ba ta raguwa don an kira ta matar aure.

Bayan tafiyar Johns a ƙarshen 2013, Jeff Parker ya karɓa daga lamba ta 26, ya kawo sauƙi da nishaɗi, ya kuma dawo da Atlanna a raye. Ban ga an yaba masa yadda ya kamata ba. Babban labarin tekuna bakwai da Johns ya yi alkawari a shafin ƙarshe na lamba ta 25 bai taɓa fitowa ba. A 2015 Cullen Bunn ya zo da zubi mai duhu, ya raba Arthur da Mera, ya sa 'yar'uwar Mera ta ɗauki kamanninta ta yaudari Arthur har shimfiɗa. Masoya suka yi ca, Bunn ya bar mujallar bayan fitowa takwas, shi da kansa ya ce martanin masu karatu yana cikin dalilansa. Ni ma ban so wannan labari ba ko kaɗan, amma akwai tazara tsakanin ka ce aiki bai yi ba da ka bi mutum da zagi har gida. Wasunmu sun haye wannan tazara, kuma bai dace ba. Dan Abnett ne ya zo ya ɗinke ɓarakar, ya ci gaba har cikin zubin Rebirth na 2016. Sai a 2020, a hannun Kelly Sue DeConnick, aka haifa musu 'ya mai suna Andy, aka kuma ɗaura auren. Shekara tara kamfanin ya ɗauka kafin ya mayar da abin da ya karɓe, yaron farko kuwa bai dawo ba.

Na san da yawa a cikinmu ta fim ɗin 2018 na James Wan suka san Aquaman, wanda Jason Momoa ya fito a ciki, ya kuma tara sama da dala biliyan 1. Dodannin ramin, da Xebel, da yaƙin Orm da mutanen tudu, duk daga waɗannan mujallu aka ɗebo su. Amma Orm na fim ya koma mai son mulki da ƙin wansa, ya haɗa baki da Manta ya ƙirƙiri harin da zai ba shi hujjar yaƙi. An bar musu uwa ɗaya, an mayar masa da zuciyar ɗan uba. Wanda fim kaɗai ya gani bai haɗu da Orm ɗin da nake magana a kansa ba.

Jiya da dare na tura wa ƙanen nawa Justice League lamba ta 17. Na ce masa ya kalli faɗan yadda yake so, zanen Reis ne, zai ƙoshi. Amma in ya kai ƙarshe ya dakata a kan Orm, a zaune cikin ɗakin kurkuku nesa da teku, ƙishirwa tana damunsa, sarkin da jiya yake da rundunar da ta girgiza duniya, yau ba ya neman karaga ba ya neman lauya, roƙonsa kawai a bar shi ya yi magana da wansa. Har yanzu bai ba ni amsa ba, amma na ga alamar ya buɗe saƙon.